Zabuwar Jikin Ƙofa

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo cewa na yi shiru, ina nan lafiya. Wannan wurin ne ya yi min nauyi a hannu. Yadda na tuna shi haka na rubuta, ban ƙara gishiri ba.

*

Gab da azahar labarin ya iske Shatu, tana zaune a tabarmar takaba, saura ƴan kwanaki a yi sadakar arba'in ta mijinta, Alhaji Ɗantsoho.

Mansura ce ta kawo shi, maƙwabciyarsu mai sayar da atamfa, kuma ba da mugun nufi ba. Ta shigo da fara'arta, ta durƙusa ta gaida Gwaggo Mamunatu, yayar marigayin da ta tare a gidan don taya Shatu zama, sannan ta juyo.

"Inna Shatu, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Mansura. Ya kasuwa?"

"Kasuwa sai addu'a. Ni barka ma na zo yi miki. Allah ya yi wa Sadiƙ albarka, irin ɗan da ake roƙo ke nan."

"Amin. Me ya yi?"

"Au, ɓoye min za ki yi? Ai da idona na gani. Jiya na bi ta unguwar Larlé kai wa wata kaya, sai ga motar Alhaji a wurin masu fenti. An cire mata fitilu, an liƙe gilasanta da jarida. Na ce lallai tsohuwa za ta dawo amarya."

Shatu ta ajiye carbi a cinyarta.

"Wurin masu me?"

"Masu fenti, Inna."

Ta ɗaga ido ta dubi rumfar kwano da ke gefen tsakar gida. Babu komai a ƙarƙashinta sai sawun taya da ɗigon baƙin mai. Shekaranjiya Sadiƙ ya fita da motar, ya ce birki za a duba kafin ranar sadaka, don za a yi jigilar shinkafa da baƙi. Ta ce masa Allah ya tsare. Ko a mafarki ba ta kawo fenti ba.

Duk Zongo babu wanda bai san Fijon Alhaji ba, kat-san-kat, wato 404, ruwan madara. Ta girmi Sadiƙ nesa ba kusa ba, amma fentin da ta fito da shi daga masana'anta shi ne a jikinta har yau. Rana ta dafa shi ya yi taushi a ido kamar tsohuwar ƙwarya. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba doguwa ce ja kamar benci, in ka rufe ƙofa sai ka ji ɗuf, ba ƙarar gwangwani irin ta motocin yanzu ba. A tagar direba akwai wurin da gwiwar hannun Alhaji ta cinye fenti har ƙarfe ya fito yana sheƙi. Samari kan tsayar da moto, wato babur, a titi su ɗauki hoto da ita. Nasara ma sun sha biyo shi har ƙofar gida, ya ba su ruwa su sha, ya sallame su. In aka ce masa ya sake mata fenti, amsarsa ɗaya ce: "Wa ya taɓa shafa wa kakarsa jambaki?"

Shatu ta miƙe ta jawo mayafi.

Gwaggo Mamunatu, da ake zaton gyangyaɗi take, ta miƙa sandarta ta tare hanya.

"Sai ina?"

"Larlé, Yaya."

"Da ƙafar wa?"

"Da tawa."

"Taki tana takaba. Ƙanena ko arba'in bai yi a ƙasa ba, a ga matarsa a bayan moto tana ratsa birnin Waga? Me zan ce wa mutanen Zongo? Me zan ce wa dangi na Kano in sun bugo?"

"Ki ce musu lalura ce."

"Mota ce lalura?"

Shatu ta dube ta ido cikin ido.

"Yaya, kin san abin da ke jikin ƙofar baya."

Sandar ta ɗan yi ƙasa, amma ba ta kauce ba. Tsohuwar ta motsa baki kamar mai tauna goro.

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa na ce ki zauna. In kin je me za ki ce wa mai fenti? Shi ba da ke ya yi magana ba, da mai gida ya yi. Mai gida yanzu Sadiƙ ne. Ki kira ɗanki ki faɗa masa abin da ya kamata a ce ya sani tun yana goye. Ko dai ki taka ƙofar gida, ko ki buɗe baki. Ɗaya za ki yi, kuma na san wanda ya fi miki wuya."

Mansura ta ga ruwan ya fi ƙarfin wankanta. Ta fara tattara zani.

"Ni na yi ɓaranɓarama ko, Inna?"

"Alheri kika yi. Kafin ki tafi latso min lambar Sadiƙ, idona ba ya ganin ƙananan nan."

Da ya ɗauka, Shatu ba ta amsa gaisuwa ba.

"Sadiƙ, rufe shago ka zo gida."

"Lafiya, Inna?"

"In ka zo ka ji."

*

Ana kiran azahar motonsa ya tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da hular kwano a hannu, gumi ya jiƙa masa riga, tun daga shagonsa na kayan moto a unguwar Tiendpalogo yake gudu. Ya ga uwarsa zaune daram, ya ga Gwaggo na hura hanci, ya durƙusa.

"Inna, kin tsorata ni. Na ɗauka jikinki ne."

"Ina motar babanka?"

"Tana garaji, ai na faɗa miki. Birki."

"Birkin ne ake liƙe wa gilashi da jarida?"

Ya sosa ƙeya, murmushi ya suɓuce masa.

"Mutanen Zongo, ba a ɓoye musu komai. Inna, surprise na so in yi miki. Ranar sadaka mutane za su zo daga Bobo, daga Kumasi, daga Kano. Na ce bari su ga motar Baba tana walƙiya, su san bai bar gida a hannun banza ba. Kalarta ba za ta canza ba, même couleur, na rantse. Sai dai ta fito sabuwa fil."

"Shi ya ce maka yana son ta sabuwa?"

"Baba ai kin san shi. Tsumulmula ce kawai irin ta tsofaffi."

Gwaggo ta buga sanda a ƙasa.

"Ƙanen nawa ne mai tsumulmula? Mutumin da ya aurar da rabin marayun layin nan? Kai dai garin neman gira za ka rasa ido."

"Pardon, Gwaggo, ba haka nake nufi ba. Amma ku duba fa. Motar nan inji lafiya, kujeru lafiya, murɗawa ɗaya take tashi. Jikin ne kawai. Ballantana ƙofar bayan nan ta dama, da wasu ƴan iskan yara suka zane da ƙusa. Ranar aurena abokaina har dariya suka yi min, wai a motar makarantar yara aka ɗauko amarya. Tun ranar na ce in Allah ya ba ni iko sai na share wa Baba wannan abin kunyar."

Shatu ba ta ɗaga murya ba. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ita kuwa dama ba halinta ba ne.

"Zauna sosai, Sadiƙ."

Ya zauna a bakin tabarma.

"Me na kira ka yanzu?"

"Sadiƙ."

"Jiya fa?"

"Sadiƙ mana, Inna. Sunana ne."

"Uwar abokinka Ali, me take kiran Ali?"

Ya ɗan yi tunani.

"Ba ta faɗin sunansa. Sai dai ta ce wannan yaron, ko ta ce kai."

"Don me?"

"Ɗan fari ne. Kunya."

"Ni Bahaushiya ce ko ba Bahaushiya ba?"

"Bahaushiya ce."

"To ka taɓa jin Bahaushiya irin ta zamaninmu ta kama sunan ɗan farinta gatsau, safe da yamma, a gaban surukai, a gaban kowa? Kai duk tsawon rayuwarka ba ka taɓa tambayar kanka ba?"

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Na ɗauka zaman Waga ne. Na ɗauka wayewa ce."

"Ni da ko aji ɗaya ban shiga ba, ina na samo wayewa? Ina kiran sunanka ne don ba kai ne na fari ba."

Ladan na ƙarasa kira a masallacin layi.

"Inna..."

"Bari in gama, don in na tsaya ba zan iya komawa ba. Kana da yaya. Mace. A tsohon gidanmu na Koulouba aka haife ta, wanda aka rushe kana ɗan makaranta. Ta yi wayo, tana magana tsaf, Hausa da Mosanci duka, har ta fi ni. Lokacin babanka bai daɗe da sayen motar nan ba, a hannun wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Wata rana ya fito zai tafi kasuwa, ya tarar da yarinyar a tsugune a jikin ƙofar baya da ƙusa a hannu, ta gama aikinta."

Sadiƙ ya ajiye hular kwanon a ƙasa.

"Ya kama hannun ya ɗan buge. Sau ɗaya, kuma shi ke nan bugun da ya taɓa yi mata. Ba ta yi kuka ba. Ta turo baki ta ce, Baba, zabuwa fa na yi maka."

"Buta ce," in ji Gwaggo, tana share ido da gefen ɗankwali. "Ni tun ranar na ce buta ce. Ina aka taɓa ganin zabuwa da hannu?"

"Fiffike ne, Yaya."

"Fiffike a ka?"

"Haka muka yi ta musu da babanka ma," Shatu ta ce wa Sadiƙ. "Shi ya ce buta, ni na ce mai abu ta ce zabuwa, zabuwa ce. Har watan da ya kwanta ciwo muna wannan musun, in babu kowa a gida."

Ta gyara zaman mayafinta.

"Babanka ya yi magana da mai fenti a kan ran Asabar zai kai ƙofar. Kafin Asabar sanƙarau ya shigo unguwa, lokacin zafi ne. Da safe ta ce wuyanta. Kafin la'asar ba ta gane ni. A motar nan muka ɗauke ta, ina riƙe da ita a kujerar baya, kanta a jikin ƙofar nan. Ba mu kai asibiti da ita ba."

Sadiƙ ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Hoto ba mu yi mata ba, kullum muna cewa sai Sallah. Kabari ka san namu, ba a rubuta suna, damina biyu ya baje. Ɗakin da ta kwana, da bangon da ta dafa ta koyi tafiya, katafila ta kwashe, yanzu bene ne a wurin. Kayanta na bayar tun lokacin, don in na gansu ba na cin abinci. Duk duniyar nan, abin da hannunta ya taɓa ya bar alama, wanda ya rage, zanen nan ne. Shi ne ƴan iskan yaran da ka ce."

"Astagfirullah. Inna, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani ai ba magana za mu yi ba."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa min? Gwaggo? Duk Zongo?"

"Babanka ya hana," in ji Gwaggo. "Uwarka ta kusa zaucewa a lokacin. Ya bi gida gida ya roƙi mutane kada a ƙara tayar da zancen a gabanta. Da ka zo bayan shekaru, an riga an saba da shirun. Ita kuma ga kunyar ƴar fari, ko tana raye ba ta iya zancenta, balle ta mutu."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Mene ne sunanta?"

Shatu ta buɗe baki. Ta rufe. Ta juya ta dubi Gwaggo.

"Hadiyya," tsohuwar ta ce. "Sunan yayarka Hadiyya."

Ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba. Sai kuma ya zabura ya laluba aljihu.

"Yau ya ce za su fara kankarewa."

"Yau yaushe?"

"Da safe."

Ya latsa waya, ya buɗe murya don su ji. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake. Sai can wata murya ta amsa cikin hayaniyar kasuwa, da gaisuwar Mosanci.

"Laafi bala, patron," in ji Sadiƙ da sauri. "Kat-san-kat ɗin nan, a dakata. Kada a taɓa ta."

Mutumin ya yi dariya, ya juya Hausarsa ta kasuwa.

"A dakata kuma? Kai ka ce sauri sauri kafin sadaka. Ma'aikatana suna kanta tun safe da inji. Ni na fito sayen fentin ne ma."

"Ta wane gefe suka fara?"

"Wannan kuma ban sani ba. Wani ya fi son dama, wani hagu."

"Ka kira su."

"In inji na kuka wa zai ji waya? Sai dai ka je da kanka."

Sadiƙ ya miƙe, ya manta da hular kwano, ya dawo ya ɗauka. A bakin zaure ya tsaya.

"Inna, in na tarar an riga an..."

"Ka dawo min da ita yadda ka same ta. Ko an kankare, kada a ɗora mata komai a kai. Kuma ka yi tuƙi da hankali. Na ba hanya ɗaya, ba zan ba ta biyu ba."

Ƙarar motonsa ta yi nisa, ta ɓace.

*

Suka yi azahar. Gwaggo ta kawo tuwo, Shatu ta ci loma kaɗan don kada a yi mata surutu.

"Kin ji sauƙi da kika faɗa?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya."

"In an goge fa?"

"In an goge, Allah ya goge. Wanda ya karɓi mai zanen ai ya fi ƙarfin zanen. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ba zai yi min ciwo ba."

"Ki kira shi mana."

"Ba zan kira ba. In labari mai daɗi ne zai iso, in mara daɗi ne ma zai iso. Ban ga dalilin tarbarsa a hanya ba."

Wayar tana gefenta a kan tabarma, ba ta yi motsi ba. Inuwar rumfa ta tsallake sawun taya ta kai bakin randa. Aka kira la'asar.

Da ta sallame, ta yi abin da take yi kullum. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsumman nan, gefen wani tsohon zani mai laushi da ke rataye a bayan ƙofa. Tun shekarar sanƙarau, kowace la'asar, Alhaji ya wanke motarsa ko bai wanke ba, ita sai ta je ta goge ƙofar baya ta dama. Ba ruwa, ba sabulu, don kada tsatsa ta shiga zanen. Maƙwabta sun ɗauka taya miji aiki take. Kwana biyun nan da motar ba ta nan ma sai da ta ɗauko tsumman, ta tsaya a rumfa, ta mayar.

Tana tsaye a wurin ta ji ƙarar. Ko cikin motoci dubu ba za ta ɓace mata ba, wannan gurnani mai natsuwa kamar dattijo na gyaran murya.

Gwaggo ta dogara sanda ta je ta buɗe ƙyauren gida da kanta.

Motar ta shigo a hankali, babu fitilu, ragowar jarida na kaɗawa a gilashin baya. Gefen direba ne ya fuskanci Shatu. Daga hanci har wutsiya an kankare shi, ƙarfe tsirara, fari fat kamar an feɗe rago. Wurin gwiwar hannun Alhaji babu shi.

Sadiƙ ya kashe inji. Bai fito ba. Hannuwansa biyu na kan sitiyari, yana kallon gabansa.

"Kai, yi magana mana," in ji Gwaggo. "Ɗaya gefen fa?"

"Ƙyale shi, Yaya," Shatu ta ce. "Lokacin gugata ya yi."

Ta ninke tsumman biyu yadda ta saba, ta dafa bayan motar da hannu ɗaya, ta fara zagayawa zuwa ƙofar baya ta dama.